Kyauta ko biya: wane ɓangare ya fi cancantar jarinka a harkar manhajojin kallo da sauraro?

Duk wanda ya taɓa kai wa mai kuɗi shawarar a haɗa jari a buɗe manhajar kallon fina-finai ko sauraron waƙoƙi ta intanet, ya san tambayar da za a fara tarbarsa da ita. In ya ce kyauta za a riƙa kallo, sai a ce to ta ina kuɗi zai shigo? In ya ce biya za a riƙa yi duk wata, sai a ce wa zai biya, ga YouTube nan a kowace waya? Ba a Kano ko Legas aka fara waɗannan tambayoyi ba. Kusan shekara talatin ke nan ana yin su a kasuwannin hannun jari na New York, kuma masu jarin da suka yi ta kushe kyauta a wani zamani, su ɗin ne suka dawo suna kushe biya a wani. Saboda haka ko kai ne mai kuɗin, ko kai ne mai neman a sa maka, gara ka ga abin da kowace hanya ta yi wa waɗanda suka riga ka bin ta.

A birnin Seattle na Amurka abin ya faro. A 1994 Rob Glaser, tsohon babban ma'aikacin Microsoft, ya kafa kamfanin Progressive Networks, a watan Afrilun 1995 kuma suka fitar da RealAudio, manhajar da ke sa mutum ya riƙa jin sauti yana shigowa ta layin tarho ba sai ya zauna jiran fayil ya gama sauka ba. A watan Satumban wannan shekara suka watsa wasan besbol tsakanin Seattle Mariners da New York Yankees kai-tsaye ta intanet, aka yi ta mamaki. Dabarar kasuwancinsu mai ƙafa biyu ce. Manhajar kunnawa kyauta ce ga kowa, don a samu jama'a. Kuɗi kuwa daga gidajen rediyo da talabijin zai fito, waɗanda dole su sayi manhajar da ake ɗorawa a manyan kwamfutocin da ke turo sautin. Sannan akwai RealPlayer Plus, wadda aka ƙara wa 'yan abubuwa aka sa mata kusan dala 30. Da wannan lissafi kamfanin, wanda ya koma RealNetworks, ya shiga kasuwar hannun jari a Nuwamban 1997.

Masu ɗari-ɗari da shi a lokacin suna guda ɗaya suke ambata, Microsoft. Sun ga abin da ya samu Netscape. Netscape na sayar da manhajar shiga intanet, Microsoft ta haɗa tata, Internet Explorer, cikin Windows ba ko sisi, har dole ta sa Netscape mayar da tata kyauta a Janairun 1998. To me zai hana a yi wa Real haka? Babu abin da ya hana. Microsoft ta sayi kashi 10 cikin 100 na Real a 1997, ta sayar a ƙarshen 1998 bayan sun raba gari, sannan ta riƙa ba da Windows Media Player a cikin kowace kwamfuta, ta kuma haɗa manhajar turo sauti da bidiyo cikin Windows ɗin kamfanoni. Ƙafafu biyun nan duka ta sara. A Yulin 1998 Glaser ya je gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka yana ƙorafin cewa manhajar Microsoft na hana tasa aiki.

Waɗanda suka yi amfani da kwamfuta a shagunan intanet na farkon shekarun 2000 za su tuna yadda matsin nan ya bayyana. Ka je sauke RealPlayer, sai ka tarar da ƙaton maɓalli mai launi yana kiranka ga ta kuɗi, ita kuwa ta kyautar an maƙale ta a wani lungu da ƙananan baƙaƙe, sai ka ƙura ido. Ka samu ka sauke, sai ta dame ka da saƙonni da tallace-tallace da tambayar ko za ka koma ta kuɗi. Haka kamfani yake yi idan ya tara jama'a da kyauta, masu jari kuma suka tsaya masa a ka suna neman riba: sai ya fara takura wa mutanen da ya tara, su kuma su fara neman ƙofa.

Real ba ta kwanta ba. A shekarar 2000 ta fara karɓar dala 9.95 a wata don labarai da wasanni da bidiyo, a 2003 ta sayi kamfanin da ke da Rhapsody, ɗaya daga cikin manhajojin farko na sauraron waƙa da biyan wata-wata. Wato da kanta ta gane cewa abin da ake kallo shi ake saye, manhajar kunnawa ba ta da kasuwa. Ta kuma maka Microsoft a kotu a Disambar 2003, aka sasanta a Oktoban 2005 a kan dala miliyan 761. Tarayyar Turai ma ta ci Microsoft tarar Yuro miliyan 497 a 2004, ta tilasta mata fitar da Windows marar Media Player. Sai dai kafin hukunci ya yi amfani kasuwa ta tashi. A 2005 aka kafa YouTube, bidiyo ya koma buɗewa a cikin shafi ba sai ka sauke wata manhaja ba. A ƙarshen 2022 Glaser ya saye sauran hannayen jarin kamfanin ya fitar da shi daga kasuwa, a kan senti 73 kowane hannun jari.

Na daɗe a kan wannan labari ne saboda har yau ana zuwa da irin shawarar. Saurayi zai zo da waya ya nuna maka manhaja mai kyau, bidiyo na tafiya sumul, ya ce ita ce kadarar. Ba ita ba ce. Ga VLC nan, wata ƙungiya ce a Faransa wadda ba ta neman riba ke riƙe da ita, tana buɗe kusan kowane irin fayil, ba talla ba biya. Kuma salon da Microsoft ta yi wa Real yana nan a kusa da mu: Boomplay na zuwa ne a shirye cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, domin kamfanin Transsion mai yin wayoyin yana da hannu a cikinta. Wanda ya riga ya shiga aljihun mutum tun daga shago, ba da kyan manhaja za ka fitar da shi ba.

Idan manhaja ta fita daga lissafi, abu biyu ya rage a sayar: ko a sayar wa mai kallo abin kallo, ko a sayar wa mai talla idon mai kallo.

Mu fara da kyauta, kuma babu inda ya fi Spotify sauƙin auna ta, don shi yana tafiyar da duka biyun a ƙarƙashin rufi ɗaya, alƙalummansa kuma a fili suke. Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa shi a Stockholm a 2006, ya fara aiki a 2008, ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a Afrilun 2018. A ƙarshen 2024 yana da mutum miliyan 675 masu amfani da shi duk wata, miliyan 263 daga cikinsu masu biya. Kuɗin da ya shigo masa a shekarar ya kai wajen Yuro biliyan 15.7, amma na talla bai cika biliyan biyu ba. Ka raba ka gani. Mai sauraron kyauta yana kawo abin da bai wuce Yuro huɗu zuwa biyar ba a shekara guda cur, mai biya yana kawo sama da hamsin. Masu kyauta sun fi yawa nesa, abin da suke kawowa bai fi kashi 12 cikin 100 ba. Ga shi kuma kowace waƙa da mai kyauta ya ji, sai an biya masu haƙƙinta, domin wajen kashi biyu bisa uku na kuɗin waƙa wurinsu yake tafiya. Wannan ne ya sa masu jari da kamfanonin waƙa suka shekara da shekaru suna cewa a rufe ɓangaren kyauta.

Amsar Spotify ita ce ɓangaren kyauta ƙofar shiga ne. A takardun da ya miƙa lokacin shiga kasuwa, ya ce fiye da kashi 60 cikin 100 na sababbin masu biya daga nan suka fito. Gaskiya ne, amma a duba tsawon jiran. Sai a 2024 ya fara cin ribar shekara cikakkiya, shekara 16 bayan fara aiki, kuma sai da ya ƙara farashi a 2023 daga dala 9.99 zuwa 10.99 a Amurka, ya sallami kashi 17 cikin 100 na ma'aikatansa a Disambar shekarar. Wanda ya riƙe hannun jarinsa ya ci moriya. Tambayar ita ce ko kana da aljihun da zai yi wannan haƙuri, domin waɗanda ba su da shi sun faɗi a hanya. Pandora, manhajar sauraron waƙa ta Amurka wadda ta fi dogara a kan talla, ta shiga kasuwa a 2011, ta yi ta asara har SiriusXM ta saye ta a kan kimanin dala biliyan 3.5. SoundCloud ta sallami kashi 40 cikin 100 na ma'aikata a Yulin 2017, da ƙyar wasu masu jari suka ceto ta wata guda bayan nan.

To YouTube fa? Lokacin da Google ta saye shi dala biliyan 1.65 a 2006, masana kasuwa da yawa sun ce an yi wauta, ga kuɗin ajiye bidiyo, ga ƙararrakin satar fasaha. A 2024 talla kaɗai ta kawo masa fiye da dala biliyan 36. Amma sirrin YouTube ba ya kwaikwayuwa. Ba ya sayen fim kafin a kalla. Kai za ka kashe kuɗinka ka shirya, ka ɗora, in talla ta shigo ya ba ka kashi 55 cikin 100 ya riƙe sauran, in ba ta shigo ba asarar taka ce. Kuma bayansa akwai kamfanin da ya fi kowa iya sayar da talla a duniya. Tubi da Pluto TV ma sun yi nasara da kyauta: Viacom ta sayi Pluto dala miliyan 340 a 2019, Fox ta sayi Tubi dala miliyan 440 a 2020. Su kuma tsofaffin fina-finai da shirye-shirye masu araha suka tara, suka nuna wa Amurkawa, mutanen da masu talla ke biyan kuɗi mai tsoka don a kai gare su.

Nan ne maganar ta shafe mu kai-tsaye. Talla ba farashi ɗaya gare ta ba. Mai talla yana biya ne gwargwadon abin da yake sa ran mai kallo zai saya. Masu shirya fina-finan Hausa masu dogon zango da suka koma YouTube tun wajen 2020 sun san wannan a aikace: kallo dubu daga Amurka ko Ingila ya fi kallo dubu daga Najeriya ko Nijar kawo kuɗi nesa ba kusa ba. In YouTube da girmansa abin da yake iya samowa ke nan daga idon ɗan Najeriya, sabuwar manhaja mai mutum dubu hamsin me za ta samo? Ita ce za ta bi kamfanonin sadarwa da na lemo da bankuna ofis-ofis tana roƙon talla, su kuma su tambaye ta me ya sa ba za su kai kuɗinsu Facebook ba. Alhali kowace awa da aka kalla, ita ke biyan kuɗin turo bidiyon, da dala. A tsarin kyauta, yawan jama'a kafin talla ta kankama ba abin murna ba ne, bashi ne ke taruwa.

Yanzu biya. Shekaru da dama ita ce 'yar lelen masu jari, kuma Netflix ne ya jawo haka. Lissafinsa daban yake da na waƙa. A 2024 Netflix ya kashe wajen dala biliyan 17 a kan shirye-shirye, kuma ko mutum ɗaya ya kalla ko miliyan ɗari, kuɗin shirin bai canja ba. Saboda haka da zarar masu biya sun rufe wannan kuɗi, kusan duk wanda ya ƙaru riba ce. Ga kuɗi na shigowa duk wata ba tare da jiran kakar talla ba. Reed Hastings, shugaban Netflix na lokacin, ya daɗe yana cewa ba za su sa talla ba, masu jari na tafa masa. Kowa ya ce shi ma sai ya yi nasa Netflix ɗin.

Sai ga Afrilun 2022. Netflix ya sanar cewa masu biya sun ragu da 200,000 a watanni ukun farkon shekara, karo na farko cikin fiye da shekara goma. Washegari hannun jarinsa ya zube da kashi 35 cikin 100. Mutum dubu 200 cikin sama da miliyan 220 ba wani abu ba ne, abin da ya firgita kasuwa shi ne alamar cewa masu iya biya sun kusa ƙarewa. Lokacin kuma ya zo daidai da fara ƙara kuɗin ruwa da babban bankin Amurka ya yi a Maris ɗin shekarar, rance mai sauƙi ya ƙare, masu jari suka daina tambayar mutum nawa ka tara suka koma tambayar nawa ka ci. A Afrilun dai aka rufe CNN+, manhajar biya ta tashar CNN, bayan wata guda kacal da buɗewa. A Nuwamba Disney ta bayyana asarar kusan dala biliyan ɗaya da rabi a ɓangaren kallo ta intanet cikin wata uku, ba a rufa mako biyu ba aka cire shugabanta Bob Chapek aka dawo da Bob Iger. A cikin Nuwamban dai Netflix ya lashe amansa, ya fito da tsari mai talla a kan dala 6.99.

Tun kafin wannan, Quibi ya riga ya nuna iyakar abin. Jeffrey Katzenberg da Meg Whitman, manya a Hollywood da harkar kwamfuta, sun tara dala biliyan 1.75 don gajerun fina-finan kallo a waya. Suka buɗe a Afrilun 2020, dala 4.99 da talla, 7.99 ba talla. A Oktoba suka sanar da rufewa. Sun nemi a biya su kuɗi don abin da TikTok da YouTube ke bayarwa a banza. Daga baya Roku ta kwashi shirye-shiryen a kan abin da bai kai dala miliyan 100 ba, ta riƙa nuna su kyauta da talla.

Ciwon tsarin biya shi ne ficewa. Mutum zai shiga don shiri ɗaya, ya kalle shi cikin kwana uku, ya fita. Don ka riƙe shi dole kowane mako a samu sabon abu, sabon abu kuma kuɗi ne tun kafin kowa ya biya. Netflix ya tsallake wannan saboda girmansa, ya rufe 2024 da masu biya sama da miliyan 300 da kuɗin shiga dala biliyan 39, bayan ya matsa wa masu aron lambar sirri tun daga 2023. Ƙaramin kamfani mai fim ɗari biyu a rumbu, wata biyu ya ishi mai son kallo ya gama da shi.

A Afirka an gwada, kuma an gwada da gaske. Jason Njoku ya fara ne da ɗora fina-finan kudancin Najeriya a YouTube kyauta, ya ga jama'a, ya buɗe iROKOtv a ƙarshen 2011, kamfanin zuba jari na Tiger Global daga Amurka ya sa masa kuɗi, daga baya ya koma karɓar kuɗi. Ya yi duk abin da ake cewa a yi: farashi mai rahusa, rumfuna a titunan Legas inda ake tura wa mutane fim ba tare da sun ƙona data ba, wakilai masu bi gida-gida. A 2020 ya rage ma'aikata da ayyukansa a Afirka, ya mai da hankali ga mazauna ƙasashen waje, inda mafi yawan kuɗinsa ke fitowa. Abin da ya fi kawo masa kuɗi a dunƙule shi ne sashen shirya fina-finai na ROK, wanda Canal+ ta Faransa ta saya a 2019. A kula da wannan, don ya yi daidai da abin da Real ta gano shekara ashirin kafin nan. Amazon ma ta janye daga ɗaukar nauyin sababbin shirye-shiryen Afirka a farkon 2024. Netflix kuwa ya gwada dabarar Spotify a Kenya: a Satumban 2021 ya buɗe tsarin kyauta a wayoyin Android, ba talla, da fatan masu ɗanɗanawa za su koma biya. A Nuwamban 2023 ya rufe shi.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko naira. A ce kana karɓar naira 1,000 a wata. A farkon 2023, da farashin gwamnati na wajen naira 460, wannan ya haura dala biyu. Bayan an saki naira a Yunin 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024, dubu ɗayan nan ko senti 70 ba ta kai ba. Mai biyanka bai ragu ba, bai yi maka laifin komai ba, amma kashi biyu bisa uku na kuɗinka ya narke, kuɗin kwamfutocin ajiya kuma da dala ake biya. Na biyu data. Netflix da kansa ya ce awa ɗaya ta kallo kan ci har gigabayit ɗaya a matsakaicin hoto, har uku a mai kyau sosai. Kenan mai kallo ya riga ya biya MTN ko Airtel kafin ya zo wurinka, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. A wurinsa ko YouTube ba kyauta ba ne, balle a ce ya ƙara wani biyan a kai. Na uku hanyar biyan kanta: tsarin wata-wata a Turai yana tafiya ne saboda kati na cire kuɗi da kansa mutum na barci. A nan yawanci sai mutum ya tuna, ya ɗauki waya, ya tura da hannunsa. Duk ƙarshen wata sai ka sake shawo kansa daga farko.

Sannan ga abokin gasar da ba ya cikin takardun da ake nuna wa masu jari. Ka tsaya a kowace kasuwar waya a Kano ko Kaduna ko Maradi, za ka ga rumfa, saurayi da kwamfuta, wayoyi jere a kan tebur suna caji. Mace ta aiko yaro da waya ko memori, a cika mata shi da sababbin fitowa na mako a kan kuɗin da bai kai na kwalbar lemo ba. Ba data, ba katsewar sabis, ba lambar sirri, kuma da yamma maƙwabta uku sun karɓa ta Xender. Wannan mutumin shi ne ainihin mai sa farashin fim a Arewa. Ya nuna cewa jama'a na biya, amma kaɗan-kaɗan, a hannu, don abin da suka zaɓa, a ranar da suke da shi. Manhajojin Hausa masu karɓar kuɗi irin su Northflix da wannan suke kokawa, ba da Netflix ba.

To wanne za a zaɓa? Ni dai in aka ce lallai in ɗauki ɗaya tsakanin sabuwar manhajar kyauta zalla da ta biya zalla, ta biya zan ɗauka, ba don ta fi alkawarin riba ba, sai don tana faɗa maka gaskiya da wuri. Cikin wata shida za ka san mutum nawa suka biya, nawa suka dawo suka sake biya, in babu ka tsaya da sauran kuɗinka. Ta kyauta kuwa tana iya shekara uku tana nuna maka alƙaluman masu saukewa suna hawa, kowa na murna, asusu na zurarewa. Kyauta zalla sai mai ɗaya daga cikin abu uku: kamfanin waya ko na sadarwa da zai sa ta a hannun mutane, ko rumbun shirye-shiryen da ya riga ya mallaka ba sai ya saya ba, kamar gidan talabijin, ko masu kallo a ƙasashen da talla ke da tsada. In mai neman jarinka ba shi da ko ɗaya, ka ba shi haƙuri.

Ita ma ta biyan akwai sharaɗi. A nemi masu biya da kuɗin da ba ya narkewa, wato Hausawan Saudiyya da Dubai da Turai da Amurka, su zama ginshiƙi, na gida su zama ƙari. A gida kuma a bar maganar wata-wata kaɗai, a sayar da fim ɗaya-ɗaya, ko na kwana, ko na mako, a karɓa ta tura kuɗi ko ta katin waya, a kuma bar mutum ya sauke ya kalla ba tare da data ba. Haɗa kyauta da biya irin na Spotify yana da daɗin faɗa a taro, amma nauyi biyu ne a kan jari ɗaya. Hanya mai sauƙi ita ce a bar YouTube ya ɗauki nauyin ɓangaren kyautar: sabon shiri ya fara fita ga masu biya, bayan mako ɗaya ko biyu a sake shi a can, kuɗin turo bidiyo ga dubban masu kallon banza ya zama na Google.

Amma in kuɗina ne, kuma ba su da yawa, ba zan sa su a manhaja ba sam. A shirin zan sa, da haƙƙin mallakarsa. Shiri mai kyau yana iya cin kuɗi a YouTube, ya ci a tashar talabijin irin Arewa24, ya ci a manhajar wani, a fassara shi ya sake ci. Manhaja in ta mutu, abin da ke saura shi ne kwamfutoci da bashi.

In kuma har ka zauna da masu manhaja, kada ka bari a tsaya a yawan waɗanda suka sauke ta, wannan adadi ko da kyautar data ana iya kumbura shi. Ka ce a nuna maka, cikin mutum ɗari da suka biya a watan Janairu, nawa ne suke biya har Yuni. Ka tambayi nawa ake kashewa a talla da garaɓasa kafin a samu mai biya ɗaya, da wata nawa zai yi yana biya kafin ya mayar da wannan kuɗi. Ka tambayi kashi nawa na abin da suke kashewa ne da dala, kashi nawa na abin da ke shigowa ne da naira ko sefa. In ta talla ce, a kawo takardar kuɗin da mai talla ya riga ya biya, ba wasiƙar alkawari ba. Sannan ka karanta yarjejeniyarsu da masu fina-finan da idonka: shekara nawa aka ba su, su kaɗai ne ko har da wasu, kuma in kamfanin ya rufe, hannun wa fina-finan za su koma.